Katin Guga a Allon Kamfani

Ƙarfe tara daidai ake taron tsaye a kamfanin, Auta kuwa tara da minti ashirin take shigowa, gyale a karkace, jakar kwamfuta tana dukan ƙugunta. Litinin haka, Talata haka, Laraba ma haka.

Taron tsaye shi ne mutum tara su yi da'ira a gaban babban allon bango, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Shugaban rukunin, wanda kowa yake kira Oga, shi ya hana zama, wai kujera ce take tsawaita magana. Shi dai yakan ɗora rabin jikinsa a kan tebur, ya kwashe minti arba'in yana bayanin amfanin gajeren taro.

Da ta turo ƙofa sai ya katse maganarsa, ya ɗaga hannu ya duba agogo, ya tabbatar kowa ya ga yana dubawa.

"Malama, yau kuma me ya tare miki hanya?"

Ta ce cunkoson motoci. Ya ce abin mamaki, shi ma ta hanyar nan ya biyo, amma takwas da kwata yana kan kujerarsa. Ya roƙi 'yan rukuni su ɗauki darasi: mutum shi yake tsara lokacinsa, ba titi ba.

Bai yi ƙarya ba. Hanya ɗaya suke biyowa, daga gida ɗaya ma suke fitowa, domin Oga yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidansa take zaune, a ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, ita da tsohon firji da kekunan yara. Abin da bai gaya wa taron ba shi ne, bakwai da rabi yake fita shi kaɗai a motarsa, gilashi a rufe, ya bar ta da 'ya'yansa uku: wanka, karin kumallo, neman safar da ta ɓace, sannan ta kai su makarantar da ba ta buɗe ƙofa sai takwas da kwata, wadda kuma take gabas alhali ofis yana yamma. Ba ya ɗaukar Auta a mota, don kada ma'aikata su ce yana nuna son kai.

Yaya mutum ne mai ƙa'ida, kuma ƙa'idarsa biyu ce. A ofis ba shi da ƙanwa. A gida ba shi da ma'aikaciya. Idan ta ce masa da safe za ta makara taro, sai ya ce ba a kawo masa maganar ofis yana shan shayi. Idan ta ce masa a ofis yaransa ne suka makarar da ita, sai ya ce matsalar gida a bakin ƙofa ake ajiye ta. Tsakanin ƙofofin nan biyu akwai tafiyar minti arba'in a motar haya, kuma a nan ne kawai Auta take da damar yin ƙorafi, ita da kanta.

Matar Yaya tana nan, lafiyarta ƙalau, sai dai tana da wani ciwon baya mai tsari. Da asuba yake tashi, ya kwanta da zarar an fita da yara, ya sake motsawa dab da lokacin ɗauko su. Ta sha faɗa wa ƙawayenta a waya cewa ita ba ta ɗauki Auta a matsayin ƙanwar miji ba, 'yarta ce ta cikinta, shi ya sa ba ta jin nauyin sa ta aiki.

Kamfanin yana yin manhajar yankan tikitin mota: mutum ya zaɓi kujerarsa a waya tun daga gida, ya je tasha ya zauna. Aikin Auta shi ne ta duba manhajar, ta zaƙulo kurakurai kafin ta fita hannun jama'a. Tana son aikin, kuma ta iya. An ɗauke ta ne na gwaji, wata shida. Idan wa'adin ya cika, Oga zai rubuta rahoto a kanta, Manaja ta karanta, ta sa hannu a takardar tabbatarwa ko ta ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Takardar nan ita ce ɗakin haya na kanta, da ƙofa mai makulli, da safiyar da ba ta da safar kowa a ciki. Ta shiga wata na huɗu.

A watan ne Yaya ya gano wata dabara.

Rukunin yana aiki da allon ayyuka na cikin kwamfuta. Kowane aiki kati ne: a rubuta shi, a sa sunan mai yi, a ba shi launi gwargwadon gaggawarsa, idan an gama a rufe shi. Oga yana son allon nan kamar ransa. Ya kafa doka cewa duk wanda aka tura wa kati ya amsa cikin minti biyar. Ya kuma kafa wata dokar cewa ba a taɓa waya a lokacin aiki. Wata rana matarsa ta kira Auta sau shida ba ta ɗauka ba, ta kira shi ta kai ƙara, sai ya ga dokarsa ta biyu ta shiga haƙƙin gidansa. Bai soke ta ba, don shugaba ba ya janye magana. Sai ya buɗe sabon sashe a ƙarshen allon, ya sa masa suna Ayyukan Tallafi, ya danna wani wuri da ya yi imani yana ɓoye sashen daga idon kowa sai su biyu.

Katin farko ya iso kwamfutar Auta da sha ɗaya saura: "Karɓo ɗinki wurin tela a lokacin hutun rana." Launinsa rawaya. Ta ɗaga kai ta dubi teburinsa, yana can ya haɗa gira yana kallon allo kamar mai warware matsalar duniya. Ta amsa cikin minti biyu, don doka doka ce.

Kafin mako ya zagayo sashen ya cika. "Guga: farar riga biyu, wando ɗaya, a kula da kwala." "Ɗauko yara ƙarfe biyu." "Cika tukunyar gas." "Ƙaramin ya manta robar ruwansa a aji, a bincika." Matar Yaya ta koyi tsarin da wuri, ta riƙa karanto masa katuna ta waya, har tana cewa wancan a sa masa ja. Yaya ya ce tun da ya yi aure bai taɓa ganin gidansa yana tafiya bisa tsari irin yanzu ba. Har ya fara tunanin ya rubuta maƙala a kai.

'Yan rukuni ba sa ganin katunan, suna dai ganin Auta tana fita tana dawowa. Dogo, mai rubuta manhaja da teburinsa ke jikin nata, ya raɗa mata suna Ministar Harkokin Waje. Ya ce da shi ma yayansa ne Oga, da yanzu yana gida yana barcin rana. Wata ta ce ai jini ba wasa ba ne, ka makara kullum, ka fita yawo kullum, a yi maka faɗan baki kawai. Auta takan yi murmushi ta buɗe kwamfuta, hannunta yana warin sabulun wanki. Abincin rana kuwa ta daina sanin kamanninsa. Biskit take ci a motar haya, jakunkunan yara uku a cinyarta.

Ranar hutu ta kira Umma. Ta yi bayani a tsanake, ba kuka, ba ƙari. Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ta waye ya ba ta wurin kwana, waye yake ciyar da ita, waye ya kai takardunta kamfanin. Ta ce Yaya ne. Umma ta ce to ina abin magana? Aikin ofis ɗin ma da take ta kuka da shi, ba zama ba ne a ɗaki mai sanyi ana latse-latse? Ta ce su a zamaninsu da za su samu irin wannan wahalar da sun yi godiya. Ta rufe da cewa ta gaishe mata da mai ciwon baya.

A wata na biyar kamfanin ya shirya fitar da sabuwar manhaja ranar Alhamis da yamma. An ba Auta awa huɗu ta duba ta kafin a sake ta. Ta fara da ƙarfe sha ɗaya, ta toshe kunnuwanta, ta tura waya cikin jaka. Sha biyu saura minti ashirin kati ya faɗo, ja wur: "Famfon kicin ya fashe. Mai gyara zai zo sha biyu. A tsaya a kansa har ya gama."

Ta tashi ta je teburinsa, ta rage murya.

"Yaya..."

"Oga."

"Oga, ban kai rabi ba. Ban ma taɓa wajen zaɓen kujera ba."

Ya ce wajen zaɓen kujera shi da kansa ya rubuta, ba ya bukatar dubawa. Ya ce babban ma'aikaci shi ne wanda ya san abin da ya fi gaggawa, kuma a halin yanzu ruwa yana shiga ƙarƙashin kabad. Ta ce ai Anti, matarsa, tana gida. Ya ce Anti ba ta iya tsayuwa, ta sani. Ya ce ta tafi kawai, shi zai leƙa sauran sama-sama.

Mai gyaran famfo bai zo ba sai biyu da rabi, ya dubi famfon, ya koma kasuwa neman abin da bai zo da shi ba. Auta ta kwashe ruwa, ta ɗauko yara, ta sake kwashe ruwa. Ƙarfe biyar saƙo ya shigo wayarta cewa an saki manhaja, Oga yana taya kowa murna, kuma a gurbin wanda ya duba an rubuta sunanta.

Ranar Asabar aka gano cewa sabuwar manhajar tana da karamci. Duk wanda ya nemi kujera ta bakwai, wadda take jikin taga, sai ta ba shi. A wata tasha mutum goma sha ɗaya suka tsaya a kan kujera ɗaya, kowa ya ɗaga waya yana nuna shaidarsa. A wata tashar wani dattijo ya riga kowa zama, ya ce sai dai a ɗauke shi da kujerar. Direbobi suka kashe mota suka koma gindin inuwa. Kafin la'asar hotunan sun zagaya gari.

Taron tsayen Litinin ya yi awa ɗaya da rabi. Oga ya ce a rukuninsa ba a neman mai laifi, tsari ake gyarawa. Ya maimaita hakan sau huɗu, kuma duk sau huɗun Auta yake kallo. Ya ce akwai wadda aka ba amanar dubawa, ba zai kama suna ba, aka neme ta a kujerarta aka rasa. Mata biyu ne a rukunin, ɗayar kuma tana hutun haihuwa tun ranar Laraba.

Da wa'adi ya zo cika ya rubuta rahotonsa a gida, a teburin cin abinci. Da ya gama ya miƙa wa Auta kwamfutar, ya ce ta gyara masa kurakuran rubutu, tunda ita idonta ya fi nasa kaifi. A tsaye ta karanta. Rahoton ya ce ta makara kwana arba'in da ɗaya, tana yawan barin wurin aiki ba dalili, kuma sakacinta ne ya jawo abin da ya faru da kujera ta bakwai. Ya ba da shawarar a sallame ta, ya ƙara da cewa yana yin haka ne da baƙin ciki, don a san ba ya fifita dangi. Ta gyara masa kalma uku da waƙafi biyu. Ta tambaye shi idan an sallame ta me za ta yi. Ya ce kada ta damu, gidansa gidanta ne, aiki kuma ba ya ƙarewa a gida.

Ranar Laraba Manaja ta kira su ofishinta. Mace ce mai son lissafi da zane-zanen ƙididdiga, ba ta yarda da maganar baki sai ta ga abin a allo. Ta ajiye rahoton a gabanta, ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai. Rahoto ya ce yarinyar nan ba ta aiki, amma kwamfuta ta ce a wata biyun nan babu wanda ya rufe katuna kamarta a duk kamfanin, kuma babu ko ɗaya da ya wuce lokacinsa. Ta juyo da allon don su gani. Wurin da Yaya ya danna yana ɓoye sashe daga 'yan rukuni ne kawai. Manaja tana ganin komai, ba ta dai taɓa gangarawa ƙarshen allon ba sai yau.

Ta gyara gilashinta ta fara karantawa da ƙarfi, da irin muryar da ake karanta sanarwa.

"Guga. Farar riga biyu, wando ɗaya, a kula da kwala." Ta ɗaga ido ta dubi kwalar Oga. Kwalar a tsaye take kyam. "Wannan wane ɓangare ne na manhajar tikiti?"

Oga ya yi dariyar da ba ta da mataimaki. Ya ce ai wannan gwaji ne. Yana so ya ga ko allon zai iya ɗaukar nau'o'in ayyuka daban-daban, shi ya sa ya ƙirƙiri misalai daga rayuwar yau da kullum, don su fi kama da gaske. Manyan kamfanoni na duniya haka suke yi. Manaja ta ce misalan kam sun yi kama da gaske, har da sunan tela da lambar wayarsa. Ta gangara ƙasa, ta tsaya a kan jan katin famfo, ta duba ranarsa da lokacinsa, ta ɗauko rahoton ta duba ranar da aka saki manhaja. Sannan ta juyo ga Auta.

"Katunan nan misalai ne, ko kin yi su da gaske?"

Yaya ya yi gyaran murya, irin wanda yake yi a falo idan yaro ya taɓa abin da ba a taɓawa. Auta ta san abin da ke cikin kowace amsa. Idan ta ce misalai ne, rahoton ya tsaya da ƙafarsa, ta koma ɗakin jikin kicin gaba ɗaya. Idan ta ce ta yi su, da yamma ma ɗakin nan za ta koma, kuma mai gidan shi ne wannan da ke zaune kusa da ita yana kaɗa ƙafa. Ta dubi allon. A aikinta an koya mata idan ta ga kuskure ta faɗi abin da ya faru kawai, ba ra'ayi, ba ado.

"Na yi su, ranki ya daɗe. Saura ɗaya. Tela ya ce sai Juma'a."

Manaja ta cire gilashinta, ta ce Auta ta je ta jira a waje.

Da yamma gidan ya yi tsit. Yaya bai yi mata magana ba, sai dai ya gaya wa matarsa ta gaya mata cewa ya gode. Matar Yaya ta ce ita abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yanzu duk kamfani ya san famfonta ya fashe. Kafin a gama cin abinci Umma ta kira. Ta ce ashe tarbiyyar da ta yi mata ke nan, ta tona wa ɗan'uwanta asiri a gaban baƙuwa saboda riga biyu da wando ɗaya? Auta ta ce tambayarta aka yi. Umma ta ce ba kowace tambaya ake amsawa ba, ta je yanzu ta ba shi haƙuri, wayar tana kunne tana ji. Ta je falo ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Yaya ya ce a matsayinsa na yayanta ya yafe har ga Allah. A matsayinsa na Oga kuwa, wannan magana ce ta ofis, ba a kawo masa ita gida.

Kamfanin ya ɗauki mataki cikin mako guda. Aka aika wa dukan ma'aikata sanarwa cewa daga yau an hana sa ayyukan da ba na kamfani ba a allo, ba a kama sunan kowa ba. Aka goge sashen Ayyukan Tallafi da duk katunansa. Oga aka tura shi kwas na kwana uku a wani otal kan dabarun shugabanci, ya dawo da takardar shaida da ya rataya a bango, da sababbin kalmomi da suka ƙara wa taron tsaye minti goma. Kuskuren kujera ta bakwai aka rubuta shi a matsayin gazawar tsari.

Da aka goge katunan, sai kwamfuta ta koma nuna Auta a matsayin wadda ta fi kowa ƙarancin aiki, ga makara arba'in da ɗaya tana nan ba wanda ya goge ta. Manaja ta ce ita ta san gaskiya, amma ba za ta iya sa hannu a kan lissafin da bai cika ba. Adalci shi ne a ƙara mata wata ɗaya na gwaji, a ƙarƙashin Manaja kai tsaye. Maganar gida kuwa kamfani ba ya shiga tsakanin wa da ƙanwa. Don dai a nuna ana kula da ma'aikata, an amince ta riƙa zuwa tara da rabi saboda hidimar iyali, ta tashi shida da rabi ta biya.

A gida ba abin da ya ragu. Guga tana nan, tela yana nan, yara uku suna nan da safarsu. Rubutawa kawai aka daina. Yanzu da baki ake faɗa mata, a bakin ƙofa, tana sa takalmi, kuma idan ta manta ɗaya babu inda za ta duba. Ba wanda ya taɓa dukanta a gidan, ba wanda ya zage ta. Da za a tara su a tambaye su, kowa yana da dalilinsa, kuma kowa zai fara da cewa yana son ta.

Watan ta yi shi kamar mai gudun tsere. Ta zaƙulo kurakurai ashirin da bakwai, shida a cikinsu a ɓangaren da Oga ya rubuta da kansa. Ba ta makara ko sau ɗaya ba. Dogo, wanda labarin katunan ya iso kunnensa ta hanyar da labari yake isa kunnen kowa a ofis, ya daina kiranta Minista, ya riƙa ajiye mata rabin abincinsa a gefen kwamfuta.

Ranar ƙarshe, ƙarfe ɗaya da kwata, Manaja ta kira ta. Takardar tana kan tebur, an buga ta, sunanta a sama, wurin sa hannu a ƙasa fari fat. Manaja ta ce ta zauna. Ta yaba mata sosai. Ta ce kafin a goge katunan nan ta zauna ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, kuma a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin mutum mai cika aiki a kan lokaci irinta ba. Irin wannan amanar ba a samunta a kasuwa. Ta buɗe alƙalami, ta ɗora bakinsa a kan takardar, sai kuma ta ɗaga kamar ta tuna wani abu.

Ta ce ashe makarantar yaran Oga ita ce makarantar 'yarta, a katunan ta gani. Mai ɗauko mata yarinyar ta tafi garinsu tun makon jiya ba ta dawo ba, ita kuma tana da taro ƙarfe biyu.

"Tunda dama kina zuwa. Ba dole ba ne fa, idan da takura ki faɗa."

Alƙalamin yana sama da takardar da kamar faɗin yatsa biyu. Auta ta dube shi. Ta dubi farin wurin da ke ƙarƙashinsa.

"Aji nawa take, ranki ya daɗe?"

Manaja ta ce aji biyu, mai jan ribbon a gashi ce, tana sa gilashi. Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta miƙa mata, ta ce barka da zama cikakkiyar ma'aikaciya.

A bakin makarantar rana ta take. Direbobi da masu reno sun yi layi a jikin katanga, Auta ta shiga layin, takardar a cikin jakar kwamfuta don kada ta lanƙwashe. Yaran Yaya suka fito suka rataya mata jakunkunansu. Da ta nemi ta huɗun, maigadi ya ce ba a ba da yaro sai ga wanda sunansa yake cikin littafi. Ya ɗauko littafin, ya kira lambar uwar, ya sa wayar a sarari don kowa ya zama shaida. Ya ce ga wata ta zo ɗaukar yarinya, a rubuta ta ta yau kaɗai, ko ta kullum?

Muryar Manaja ta fito daga wayar, ana jin hayaniyar taro a bayanta.

"Rubuta ta ta kullum."

Maigadi ya lashi yatsa ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunan a hankali, harafi bayan harafi. Da ya iso gurbi na gaba ya tsaya, ya ce nan dangantaka ake sawa: 'yar'uwa zai rubuta, ko 'yar aiki? Auta ta gyara jakunkunan a kafaɗarta, ta kama hannun mai jan ribbon. Ta ce ya rubuta wanda ya fi masa sauƙi, uku da rabi ake jiranta a ofis.